Waya a Cikin Masaki

Ni tela ne, kuma har gobe da allura da zare nake ci. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ana maganar kyamara ya ɗauka wani babban mai shirya fim ne ya zauna ba da tarihinsa. Shagona yana cikin garin Haɗeja, ɗan ƙarami ne, tsakanin mai walda da mai sayar da kayan injin ban ruwa. Harkar ɗaukar hoto mai motsi kuwa, masu kawo ɗinki ne suka jefa ni cikinta. Mutum yana Kano zai ce in turo masa rigarsa ya gani a waya. In na tura hoto ya ce shaddar ba ta ƙyalli, in na ɗauki bidiyo ya ce hannuna na rawa har jiri ya kama shi. Na taɓa shiga wani shago a Kano na tambayi kuɗin ƙafafun nan uku da ake ɗora waya a kai. Da na ji amsa sai na yi wa mai shagon fatan alheri na fito, ina cewa a raina abin da aka haɗa da bututu da noti ba zai gagari mai haɗa babbar riga ba.

Amma ba don riguna na daɗe ina wahalar da kaina ba. Don mahaifiyata ne.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuma jinin Fulani ce, irin waɗanda suka daɗe da ajiye sanda suka zauna noma a wani ƙauye cikin fadama, gaba da Kirikasamma. Wanda ya san alkunyar ɗan fari a irin gidajenmu ba sai na yi masa dogon bayani ba. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na tashi. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta kallona. Ni ma Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. In na je gaishe ta, nakan durƙusa a bakin ƙofa kaina a ƙasa, ita kuma ta juya wajen bango ta amsa gaisuwar sai ka ce da randa take magana. In akwai saƙo, ƙanwata da ke aure a ƙauyen ita ke tsayawa a tsakani. "A tambayi wancan, ya yaran?" Alhali ga wancan ɗin a durƙushe, tsakaninmu bai fi faɗin tabarma ba.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, kada a yi mini wata fassara. Man shanun da ya fi kyau ni ake ɗaure wa a bayan babur, kuma duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a Haɗeja, kafin in miƙe saƙon sassaƙe ya iso ba tare da an ce ga wanda ya aiko ba. Sai dai har 'ya'yana suka fara kamo ni a tsawo ban san fuskar uwata ba. Na san kunnenta na hagu da ɗan kunnen azurfa da ya ja shi ƙasa. Na san gefen bakinta mai shuɗin zane irin na matan da. Na san hannayenta sarai, domin su ne idona ke sauka a kai. Idonta kuwa, da za a ce in siffanta shi, da sai na yi ƙarya. Akwai hotonta ɗaya na katin zaɓe, inda ta ɗaure fuska ta runtse ido kamar an kira ta gaban alƙali, kuma kowa a gidan ya yarda ba ya kama da ita.

A shekarar da nake ba da labari, tun damina ba ta yi nisa ba ƙanena da ke Malam Madori ya kira ni ya ce ya gama gina mata ɗaki a gidansa, bayan kaka zai ɗauke ta. Gwiwoyinta sun fara ƙi, ruwa ya ci bangon ɗakinta na ƙauye, kuma ya ce yanar ido ta fara rufe mata idanu, na dama har ya soma fari. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta tsaya mini a ƙirji. Na ji tsoro, tsoro na gaske, kada idon ya rufe ban taɓa ganinsa ba. Tunda ni ba zan iya ɗaga kai in dube ta ba, ita ma ba za ta juyo ba, sai na ce to bari waya ta yi mana kallon.

Abu na farko da na haɗa shi ne ƙafafun. Na sayi bututun roba wajen maƙwabcina mai kayan ban ruwa, na yanka shi daidai tsawon ƙirjina. Kan kuwa wuyan wata matacciyar fanka ne, tunda dama an yi shi don ya juya ya sunkuya. Mai walda ya liƙa mini ƙarfe a ƙasansa yana dariya, yana tambaya ko bindigar harbin tsuntsayen shinkafa nake haɗawa. Abin riƙe wayar da katako na yi shi, na naɗe da robar tsohon tub na babur. Daga nan abin ya shiga jinina. Na samo dogon ƙarfen tagar gilas mai zamiya, na ciro boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan masu gungurawa, daga wani keken ɗinki da ya mutu tun zamanin maigidan da ya koya mini ɗinki, na yi wata 'yar amalanke da wayar ke hawa tana tafiya a hankali. Zare ne ke jan ta, ni kuma ina naɗe zaren da abin naɗin bobin, don haka tafiyar ba ta da gargada ko kaɗan. Na ɗame yadi mai ruwan azurfa a kan wilin keke don ya mayar da hasken rana kan fuska. Makirfo kuma na ɗinka masa hula da guntun fatar ragon layya, saboda iskar fadama in ta buso ba a jin komai sai huuu. Ranar da na gwada su duka a kan wata farar shadda da na rataye, na daɗe ina kallon abin ina jin kaina.

Na ɗaure kayan a babur na nufi ƙauye. A irin wannan lokaci hanya ba ta kaiwa, sai a ajiye babur a wani gari a shiga kwalekwale, a bi ta 'yar hanyar da masunta suka sare a cikin kacala, wannan doguwar ciyawa da ta cinye mana rabin ruwa. Mai tuƙin ya kalli bututuna da wilin keke, ya ce in dai rijiyar burtsatse na zo haƙa to na makara, ruwa ya riga ni zuwa.

Na kafa kayana a tsakar gida. Ƙanwata ta isar da saƙo cewa wancan yana so ya ɗauki hoton gida saboda za a tashi. Adda ta ce a ɗauka mana, gida ai ba nata ba ne ita kaɗai. Tana zaune a gindin turmi tana tsince shinkafa. Na saita, na danna, amalankena ta tafi sumul, hasken azurfa ya sauka daidai inda nake so. Ina matsawa dama tana juyawa hagu, ba da gaggawa ba, ba kuma da alamar ta san abin da take yi ba. Na koma Haɗeja da bidiyo mai kyau, tsaf, babu rawa ko ɗaya, na kunnen hagu da gefen mayafi.

Abin da ya biyo baya, in na tuna, har dariya yake ba ni. Duk lokacin da na dawo da kunne sai in ɗora laifin a kan kaya. Na ce ƙafafun sun yi tsawo, na rage. Na ce kusa na yi da yawa, na samo ɓarin tabaron hangen nesa wajen masu kayan gwangwan na ɗaure a idon wayar, don in ɗauko ta daga bayan rumbu. Wannan kam ko gwada shi ban yi ba. Ina tsaye a bayan rumbun na ji abin bai kwanta mini ba, domin ba fuskar sata nake nema ba, wadda aka ba ni nake so. Na ba ƙanwata wayar ta riƙe, ni na fita waje. Adda ta ja mayafi ta rufe baki, ta kafa ido a kan yatsun ƙafarta har ƙanwar tawa ta gaji. Na kafa ƙafafun a tsakar gida na bar wayar tana ɗauka ita kaɗai, muka fice duka. Abin da na samu shi ne fuskokin jikoki sun cika gilashin suna gwalo, matan maƙwabta suna leƙowa ta kan danga, daga ƙarshe wata akuya ta zo ta soshe jikinta da bututun, sai sama da ƙasa suka juye.

Na dawo gida raina a ɓace, na zube kayan a zaure. Mai ɗakina, wadda tun farko take kiran harkar tawa aikin ba a aike ka ba, ta karɓi wayar ta kalli duk abin da na tara. Ta daɗe a kan wanda ƙanwata ta ɗauka.

"Kai dai kana ta gyaran ƙarfe," in ji ta. "Ƙarfenka lafiyarsa ƙalau."

Na ce to mene ne ba lafiya ba.

"Ka dubi bayanta mana. Mutum nawa ne a tsaye? Ita da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da kunyarta, kana so ta zubar a gaban surukai da jikoki saboda wuyan fanka? Wayar taka ce, kowa ya san kai za ka kalla. In ta dube ta a gaban mutane, kai ta duba a gaban mutane."

Gaskiya ta faɗa, amma ba na son ta ga na gane da wuri. Ni da aka yi wa alkunyar nan tun ina zanen goyo, ban taɓa lura cewa ba tsakanin mutum biyu kaɗai take ba. Rabinta na idon jama'a ne. Mace tana kau da kai daga ɗanta na fari ne don a san ita mai kunya ce, gidan da ta fito gidan mutunci ne. Ke nan ba ni kaɗai ya kamata in bar bayan kyamara ba, kowa ma ya kamata ya bari. A gidanmu na ƙauye kuwa babu irin wannan wuri. Ƙofar ɗakinta asabari ne, kuma ba a minti biyar wani bai ɗaga shi ba.

Wuri ɗaya na sani da Adda ke zama ita kaɗai, shi ne cikin ruwa. Idan damina ta ja baya, ruwan ambaliya ya kwanta a fadama, bado yakan rufe shi da faffaɗan ganye da farin fure. Tsofaffin mata kan shiga har iya ƙugu suna tsinko 'ya'yansa, a shanya, a sussuke, a dafa ƙwayar kamar shinkafa. Kowace tana jan ƙwaryarta a kan ruwa da igiya ɗaure a ƙugu. Sauran matan tare suke tafiya suna hira, ita kuwa tun da can ba ta son surutu a wajen aiki, tana da wani lungu nata bayan kacala da ba mai bin ta. Wannan kakar ce ta ƙarshe da za ta shiga, tunda a Malam Madori babu wanda zai bar ta ta taka ruwa. Sai na ce to, abin da zan haɗa yanzu ba mai tsayawa a ƙasa ba ne, mai iyo ne.

Na sayi babban masaki a kasuwa, irin wanda ake zuba hatsin biki. Gwajin farko a bakin kogi na yi shi, kusa da inda masunta ke ajiye gorunansu. Na kafa wayar a tsakiya a cikin leda, na tura. Iska ta taɓa shi sau ɗaya ya kife. Masuntan suka yi ta dariya, wani dattijo a cikinsu ya ce, "Tela, in kifi kake so ka zo mu ba ka, ba sai ka kira shi a waya ba." Na tsamo kayana. Wayar ba ta sha ruwa ba, amma ledar ta sa hoton ya yi dishi-dishi, ga shi ko da bai kife ba, kowace igiyar ruwa sai ta karkata shi.

Na zuba yashi a wata 'yar jaka da na ɗinka, na shimfiɗa a gindin masakin, kifewa ta ƙare. Karkatar ce ta cinye mini kwanaki. Ina cikin ɗame yadi a zoben katakon da muke aikin wuyan riga da shi, sai dabara ta faɗo mini. Na ɗauki zobba biyu, babba da ƙarami, na sa ƙaramin cikin babban, na haɗa su da ƙusa a gefe da gefe yadda zai riƙa lilo. Babban kuma na rataye shi a bakin masakin ta gaba da baya. Wayar ta zauna a tsakiyar ƙaramin, na ɗaura mata guntun ƙarfen tsohon dutsen guga a ƙasa. Duk inda masakin ya karkata, nauyin sai ya riƙe ta a miƙe. Daga baya wani ya ce mini ai Turawa sun daɗe da yin irin wannan. Na ce Allah ya ba su lada, ni dai ba su aiko mini ba.

Sai rufi. Na kife wata ƙwarya a sama, na yanke mata taga, na liƙa gilashin wani tsohon agogon bango da gam don kada ruwa ya shiga. A gwaji na gaba wayar ta yi zafi a rana ta kashe kanta. Na yi mata abin da ake yi wa tulu, na lulluɓe ƙwaryar da jiƙaƙƙen buhun algarara, gefensa na taɓa ruwa yana tsotsowa. Makirfo da hularsa ta fata na soke shi a sama. Da na tura shi cikin kogi ya tafi a natse, sai ka ce wata agwagwa mai rawani. Wannan karon dattijon bin shi ya yi da kallo har igiyar ta ƙare.

Na isa ƙauye da yamma na ajiye masakin a bakin ƙofarta. Na durƙusa inda na saba, ƙanwata ta tsaya riƙe da asabari. Na ce a gaya wa Adda ina roƙon alfarma, in za ta shiga bado gobe ta ɗaura wannan a jikin ƙwaryarta. Babu mai bin ta, babu abin da za ta yi masa, ta yi aikinta kawai.

Ina ganin hannunta yana murza bakin tabarma.

"A ce wa wancan, me zai kalla a jikin tsohuwa da taɓo?"

Na ce a ce mata wurin nake so in ajiye, tunda za a bar shi. Ba ƙarya na yi ba, amma ba duka gaskiyar ke nan ba, kuma na san ta sani.

"In na tafi da shi," ta tambayi ƙanwata da murya ƙasa-ƙasa, "yana ganina a lokacin? Irin yadda na Malam Madori ke fitowa a waya yana magana?"

Ƙanwata ta ce a'a, wannan ajiyewa kawai yake yi, sai an koma Haɗeja a buɗe.

"To a bar shi nan."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da safe ina masallaci ban fito ba ƙanwata ta danna inda na nuna mata, ta rufe ƙwaryar, ta raka Adda bakin ruwa ta dawo. Ni kuma na je na zauna wajen masu gyaran koma a gindin goruba, na juya wa fadamar baya. Sun yi ta hirar kacala da tsuntsayen da suka addabi shinkafa, ina ta cewa haka ne, ban ji rabin abin da suka faɗa ba. Rana ta take sosai kafin aka aiko cewa kayana suna zaure. Na tarar da masakin a jiƙe, wayar ta mutu don caji ya ƙare, an kuma cika gefenta da 'ya'yan bado. Ban nemi caji a ƙauyen ba. Na naɗe komai a buhu na kama hanya.

Washegari bayan azahar na tura ƙofar shago, na zauna a kan kujerar keken ɗinki na kunna wayar.

Da farko babu komai sai ganyen bado yana wucewa, da sama, da bayan zaninta a jiƙe. Zobbana sun yi aikinsu, hoton yana tafiya lumui. Ana jin ƙarar ruwa, da kukan agwagwar ruwa kirinjijiya can nesa, da ɗan ƙas idan ta tsinke bado ta jefa a ƙwarya. Can sai na ji murya. Adda ce ke magana ita kaɗai, kuma faɗa take yi. Ta yi wa kacala tas don ta tare mata hanya. Ta yi wa wani matsattsaku da ya kama mata ƙafa Allah ya isa. Ta koma kan gwiwarta, ta ce in ba za ta yi aiki ba ta faɗa tun a gida. Na saki baki ina ji. Ni da mai ɗakina ke cewa ina faɗa da almakashi in ya ɓuya, ashe gado na yi. Na yi dariya ni kaɗai a shago, irin dariyar da ke zuwa da ƙwalla.

Daga nan ta ja igiya da ƙarfi don ta tsallake wani wuri, ruwa ya fantsamo ya ɓata gilashin da taɓo. Komai ya zama duhu-duhu. Na ce shi ke nan, wahalata ta tashi a banza, tunda ban yi tunanin abin goge gilashi ba. An daɗe a haka, ina jin motsinta kawai. Sai na ga inuwa ta matso, masakin ya tsaya cak. Wani babban yatsa ya sauka a kan gilashin ya share gefe guda.

"Ji yadda ka yi dumu-dumu," in ji ta.

Ta jiƙa bakin mayafinta ta goge a hankali, lungu-lungu, yadda ake wanke wa yaro fuska da safe. Gilashin ya washe. Ga fuskarta ta cika wayar, tana kallon cikinta kai tsaye.

Kafin in san abin da nake yi, kaina ya riga ya sunkuya. Na kwashe watanni ina yanka bututu ina liƙa gilashi don wannan lokacin, da ya zo kuma sai ga ni ina kallon fedar keke. Muryar kawai na ji daga sama.

"Na ga ka rame bana. Ka riƙa cin abinci, ɗinki ba ya ƙarewa." Ta ɗan tsaya. "Ga furfura ta fito maka nan, wajen kunne. Bara babu ita."

Na tsayar da bidiyon. Na kai hannu wajen kunnena, inda ni kaina ban daɗe da lura da furfurar ba. Yaushe ta gan ta? Amsar ba ta da wuya, ni ne dai ban taɓa tambaya ba. Duk zuwan da nake yi ina durƙusawa kaina a ƙasa, ina ƙirga zaren tabarma, ashe nan ne lokacinta. Ni na ɗauka mu biyu ne ba ma ganin juna. Ita ta san shekarar da na rame da shekarar da na yi ƙiba, ta san gashin da ya fara fari. Na yi kuka a wurin, ba na jin nauyin faɗa.

Sai da na yi alwala na dawo, sannan na mayar da shi baya, na riƙe wayar da hannu biyu na tilasta wa kaina kallo. Idanunta ƙanana ne, masu zurfi, da kwalli a gefensu. Na dama ya yi fari kamar an ɗiga madara, na hagu kuwa garau yake, ruwan ƙasa-ƙasa, kuma akwai wani abu na tsokana a cikinsa da ban taɓa zaton tana da shi ba. Ta ci gaba da kallo na ɗan lokaci, ta gyara jiƙaƙƙen buhun da ya zame, ta juya ta koma tsinkar badonta. Ban nuna wa kowa ba sai mai ɗakina, ita ma ta kalla sau ɗaya ta miƙo mini wayar ba ta yi tsokanar da ta saba ba.

Bayan kaka aka kai ta Malam Madori. Da na je gaishe ta a sabon ɗakin, mai ƙofar ƙarfe da siminti, na tarar babu abin da ya sauya. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta juya wajen bango. Matar ƙanena ce yanzu ke tsayawa a tsakani. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi hanya. Har na yi shirin tashi sai ta ce:

"A tambayi wancan, abin nasa ya ɗauka?"

Na ce a ce mata ya ɗauka.

"To madalla."

Matar ƙanena ta tafi duba tukunya. A da, da zarar mai isar da saƙo ta tashi ni ma nake miƙewa, tunda babu sauran abin yi. Ranar ban tashi ba. Na gyara durƙusona, na ƙara sunkuyar da kai, na ɗan juya gefen da haske ke shigowa ta ƙofa, na zauna a haka har ƙafafuna suka yi tsami, don ta samu ta duba da kyau tun na hagun yana gani.